Ranar da Kanari Ya Yi Shiru

Shekara talatin da ɗaya na yi a ƙarƙashin Ostrava,
ina haƙar kwal, kwal yana haƙa ta.
Da aka rufe ramin na fito da fansho da tari,
da hannuwa biyu da ba su iya zaman banza ba.

Sai na koma haɗa 'yan ƙananan jiragen ƙasa,
kan jirgin bai wuce tafin hannuna ba,
ƙusoshinsa sai da tabarau biyu nake gani.
Ɗakin aikina tsohon sito ne, taga ɗaya,
ita ma na toshe ta da tsumma tun Nuwamba,
don sanyin garin nan ba ya sallama kafin ya shigo.

Abin feshin siririn baki gare shi, kamar allura.
Inji na gurnani ƙarƙashin tebur,
fenti da tina sun gauraya a 'yar kwalba,
jan hazo yana sauka kan tarago a hankali.
Wanda bai sauka ba,
ban taɓa tambayar inda ya tafi ba.

Drahuše ta yi magana, ba sau ɗaya ba.
"Vlasta, warin nan ya kai kicin, har miya ta ɗauka."
Na ce wanda ya sha ƙurar rami
warin kwalba ne zai kayar da shi?
Na ɗaura hanki a hanci don a zauna lafiya,
na ci gaba.

Tana da kanari a keji bakin ƙofar sito,
ɗan rawaya mai surutu, ba ya barin kowa barcin safe.
Wata Laraba na fesa tarago shida a jere,
kaina na sarawa, na ce yunwa ce.
Da na kashe inji sai na ji abin da ban saba ji ba:
shiru.
Yana ƙasan keji, gashi a bushe, baki a buɗe.

Kakana ya sha ba ni labari
yadda ake sauka rami da tsuntsu irin wannan;
in ya daina kuka, ajiye diga, nemi hanya.
Na san labarin tun ina ɗan shekara bakwai.
Ga ni da furfura, a cikin gidana,
tsuntsu yana karanta mini shi daga farko.

Na fizge tsumman, na banka taga.
Dusar ƙanƙara ta shigo har kan tebur.
Na fyace hanci, hankin ya fito ja,
ba jini ba, launin taragon.

Oldřich na hawa na uku ya zo da zarto ranar Asabar.
Muka haɗa akwati mai buɗaɗɗen gaba,
soson tacewa a ciki, fanka a baya,
irin wadda ba ta tartsatsi, don tina da wuta ba sa ga maciji,
bututu ya bi ta katako ya leƙa waje.
Na sayi takunkumi mai gwangwani biyu.
Mai shago ya ce gawayi ne a ciki yake kama gubar.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni:
baƙin da ya ci huhuna, ɗan'uwansa ne zai yi gadi.

Gemun ma ya tafi, don roba ta kama fuska.
Drahuše ta ce na yi kama da ranar aurenmu, an dai ɗan murje ni.

Yanzu fentin ruwa na fi amfani da shi,
amma rashin wari ba ya ruɗa ta;
abin da ba ya wari shi ya fi cika maƙabartar mahaƙa.
In na gama, fanka ta ƙara kwata tana aiki.

Kejin ya koma falo, nesa da ni.
Kwana tara bai ce uffan ba.
A na goma, ina sanye da kwat, yatsu sun ƙage,
ina fesa farin layi a gefen tarago,
na jiyo shi ta bango, murya a dishe.
Hannuna ya girgiza, layin ya karkace.
Na bar shi haka.